Risala a Kan Tsarin Yinin Rediyo da Hukuncin Murɗa Tasha a Nasarawar Kaduna

Bayan haka, ka sani, ya kai mai neman sani, magabata sun yi rubutu mai yawa a kan lissafin taurari, da rabon gado, da iyakokin gonaki, da ladubban cin abinci cikin jama'a. Amma ba su bar mana ko babi ɗaya ba a kan yadda shirye-shiryen rediyo ke bin juna daga asuba zuwa tsakar dare, balle a kan wanda ke da ikon murɗa tasha idan mutane suka haɗu a benci guda. Uzurinsu a bayyane yake, domin ba su riski akwatin ba. Mu da muka riske shi ba mu da uzuri. Don cike wannan giɓi aka tsara wannan taƙaitacciyar risala, aka gina ta bisa abin da ya tabbata a aikace a teburan masu shayi, da shagunan teloli, da rumfunan masu faci na unguwar Nasarawa.

Wajibi ne tun farko a kawar da shubuha. Nasarawar da ake nufi ba jihar da ke da hedikwata a Lafiya ba ce, ba kuma ta Kano ba ce. Ana nufin unguwar da ke kudu da kogin Kaduna, a ƙaramar hukumar Chikun, maƙwabciyar Kakuri da Tirkaniya da Kudenda, wadda mai bin babbar hanyar Nnamdi Azikiwe ke iskewa da zarar ya haye gada. Wanda ya ɗauki hukunce-hukuncen wannan risala ya kai su wata Nasarawar, alhakin abin da ya biyo baya yana wuyansa.

An zaɓi unguwar ne saboda illa ta tarihi. A shekarar 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, kuma a shekarar ce, ranar 13 ga Maris, Sashen Hausa na BBC ya fara magana daga London na minti goma sha biyar. Masu zurfafa nazari suna ganin wannan haɗuwa ba a banza ta zo ba. Masaƙu suka ƙaru, UNTL da Arewa da sauransu, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya zo a 1975, ma'aikata daga kowace kusurwa suka cika gidajen haya na Nasarawa, Hausa ta zama harshen da Gbagyi da Bajju da Idoma da Igala da Bayarabe ke cinikin tumatir da shi. A wancan zamani lokaci yana hannun masaƙa: akwai aikin safe, da na rana, da na dare, uwargida kuwa daga ayarin kekunan da ke komowa take sanin lokacin ɗora tukunya. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007. Da injuna suka yi shiru, aikin raba yini kashi-kashi ya rasa mai yi, sai ya faɗo wa rediyo ta hanyar gado, ba tare da an nemi shawararsa ba.

Fasali na farko: ta'arifi da rukunai

Yinin rediyo, a istilahin ma'abota wannan fanni, shi ne tsawon lokacin da ke tsakanin kunnawar mai shayi da gyangyaɗin maigadi. Ya saɓa wa yinin rana, domin ba ya la'akari da fitowarta ko faɗuwarta. Ya kuma saɓa wa yinin ofis, domin shi yana farawa a kan lokaci.

Rukunansa uku ne: akwati, da batir, da kunne. Wasu sun ƙara na huɗu, wato wutar lantarki, amma jumhur sun ƙi, bisa hujjar cewa abin da yara ke yi wa sowa idan ya zo ba ya zama rukuni, baƙo ne. Eriya kuwa sharaɗin kamala ce, ba ta inganci ba. Wanda tasa ta karye ya soka guntuwar waya a gurbinta, saurarensa ya inganta, ko da sai ya riƙe ta da hannu har shirin ya ƙare.

Masu saurare sun kasu huɗu.

Na ɗaya, mai sauraro na haƙiƙa. Galibi dattijo ne, sau da yawa tsohon ma'aikacin masaƙa, akwatinsa na cikin rigar fata mai maratayi. Yana kara shi a kunne, yana ɗaga yatsa ɗaya ga duk wanda ya yi tari.

Na biyu, mai sauraro na hukunci. Misalinsa tela. Akwati na kunne a shagonsa, amma keken ɗinki ya danne shi, janareton maƙwabci ya danne keken. A zahiri ba ya jin komai. Sai dai an jarraba an gani, in aka kashe akwatin nan take zai ɗaga ƙafa daga keke ya ce, “Wa ya kashe?” Wannan ya isa hujja a kan cewa yana cikin masu saurare.

Na uku, mai sauraro na maƙwabtaka, wanda ba shi da akwati amma ɗakinsa na jikin ɗakin mai akwati. Gidajen hayar Nasarawa, masu ɗakuna a jere suna fuskantar juna, sun yawaita wannan kashi. Ba shi da haƙƙin zaɓen tasha, amma yana da haƙƙin ya ɗaga murya ta bango ya ce, “Maƙwabci, ɗan ƙara.”

Na huɗu, mai sauraro na riwaya. Bai ji ba, gaya masa aka yi, kuma shi ya fi kowa tsayawa a kan gardama. Lafazinsa shi ne, “Ai rediyo ya faɗa.” Ba a tambayarsa wace tasha, domin tambayar ba ta taɓa haifar da amsa ba.

Fasali na biyu: ƙa'idar nesa da kusa, da abin da ya shafi safiya

Ga babbar ƙa'idar da wannan ilimi duka ya ɗoru a kanta: yinin rediyo tafiya ce daga nesa zuwa kusa. Da asuba ana fara wa mutum da abin da ya faru a ƙasashen da ba zai taɓa zuwa ba. Da hantsi a sauko da shi Abuja da Gidan Sir Kashim, fadar gwamnatin Kaduna. Da rana a shigo da shi kasuwa. Da dare a kai shi tsakar gida, inda kishiyoyi biyu da ba su wanzu ba ke rigima a kan tukunyar da ba ta wanzu ba. Hikimar wannan jeri ita ce, zuciyar ɗan Adam da sassafe tana iya ɗaukar girgizar ƙasa a wata nahiya, amma ba ta iya ɗaukar zancen kuɗin haya sai ta karya kumallo.

Kafin labarai akwai wasu daƙiƙu na tantancewa. Wanda ya riski Janairun 1966, lokacin da aka yi shelar juyin mulki ta gidan rediyon Kaduna, ko safiyar 31 ga Disamba 1983, ko ta 27 ga Agusta 1985, ba ya kunna akwati yana surutu. Yakan yi tsit ya ji ko badujala ce ke tashi. In ya ji muryar mutum tana gaisuwa, sai ya dubi mai shayi ya ce, “Zuba mini, gwamnati na nan.” Tun 1999 ba a sake buƙatar wannan bincike ba, amma babu wanda ya zo da nassin da ya shafe shi.

Shekara da shekaru jerin safiya a gajeren zango ya kasance haka: Muryar Amurka, wadda ta fara Hausa a 1979, da ƙarfe shida, BBC da shida da rabi, Rediyon Faransa, autarsu, wadda ta shigo a 2007, da ƙarfe bakwai. Har nan babu fitina. Fitina tana ƙarfe bakwai da rabi, lokacin da BBC ke komowa da shirinta na hantsi, Muryar Jamus kuma, wadda ke Hausa tun 1963, ta buɗe nata a daidai wannan minti. Mutum na da kunne biyu, amma akwatinsa ɗaya ne. An samu magana uku a kan wannan mas'ala. Ta farko, a gabatar da BBC saboda shekaru, domin 1957 ta riga 1963. Ta biyu, a gabatar da Jamus, domin BBC ta riga ta sami rabonta awa ɗaya da ta wuce. Masu wannan ra'ayi sun yi ƙiyasi ne da rabon kwana, inda uwargida ba ta haɗa nata da na amarya don kawai ta riga ta shigowa. Ta uku, a ɗauki kanun labarai a nan a koma can don rahotanni. Wannan talfiƙi ne, kuma an lura mai yin sa yakan ƙare rabin awar a tsakanin tashoshin biyu, yana sauraren ƙugi. Abin da ya fi rinjaye a wurinmu shi ne magana ta biyu, sai fa in ranar an wayi gari da babban al'amari, to a nan kowa ya san inda hannu ke tafiya da kansa.

Labaran ƙasa na Rediyon Najeriya, waɗanda ake haɗa tashoshi a karanto da Turanci da bakwai na safe, da huɗu na yamma, da goma na dare, hukuncinsu daban ne. Ba a kashe su, don girmama tarayya, amma ya halatta a soya ƙwai a lokacinsu.

Idan aka ce: ashe ba ɓarnar batir ba ce mutum ya ji labari ɗaya sau huɗu kafin ƙarfe takwas? Sai mu ce: ba abu ɗaya ya ji ba. Ji na farko labari ne, na biyu shaida, na uku bita, na huɗu hadda. Labarin mutum ɗaya ba ya kai wa ga yaƙini, amma in London ta faɗa, Bonn ta faɗa, Washington ta faɗa, ya zama mutawatiri, ko da dukkansu daga majiya ɗaya suka ɗebo. Bayan ji na huɗu ne kaɗai mutum ke samun izinin yi wa majalisa sharhi a kan Gabas ta Tsakiya.

Fasali na uku: hantsi da rana

Da rana ta ɗaga sai a bar baƙi a komo gida. Uwar tashoshin gida ita ce Rediyon Kaduna, wadda gwamnatin Sardauna ta kafa ta fara aiki ranar 15 ga Maris 1962, ta koma hannun tarayya a 1978, tana zaune a titin Yakubu Gowon, na'urorinta na watsawa suna Jaji. A zamanin ƙarfinta, a kan mita 49, ana jin ta har Nijar da Kamaru da Ghana, da Hausa da Fulatanci da Barbarci da Nufanci. Daga gare ta aka san Jakar Magori, da Hannu Da Yawa, da Zaɓi Sonka. Bayan dokar 1992 da ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa sai tashoshi suka yi yawa: Nagarta a 747 a matsakaicin zango, sannan a zangon FM ga ta jiha a 90.9, ga Liberty a 91.7, ga Karama a 92.1, ga Freedom a 92.9, ga Supreme can a 96.1. Mai lura zai ga huɗun farko na FM sun cunkushe a tazarar da ba ta kai faɗin farce ba a fuskar ƙaramin akwati. Daga nan mas'ala ta taso: wanda ya nufi Karama ya faɗa Liberty, bai farga ba sai da aka faɗi sunan tasha, wace ya saurara? Amsa ita ce, a zahiri ya saurari Liberty, a niyya ya saurari Karama, kuma ba a karɓar riwayarsa daga ko ɗaya.

Sanarwa iri uku ce: ta ɗaurin aure, da ta cigiya, da ta rasuwa. A ta farko ya halatta a yi magana, a ta biyu an so a yi shiru a kuma duba yaran da ke kusa. A ta uku an yi ijma'i. Mai shayi kan tsayar da cokali, mai gardama kan haɗiye sauran maganarsa, har a gama faɗin suna da unguwa da lokacin jana'iza, domin babu wanda ya san ko nasa ne.

Shirin mai maganin gargajiya ya wahalar da masu rarrabewa. Ba labari ba ne, domin sakamakonsa bai taɓa canzawa ba. Ba wasan kwaikwayo ba ne, domin yana bayar da lambar waya. An ajiye shi a matsayi tsakanin matsayai biyu. Alamarsa ita ce, yana lissafa alamomin basir da shawara da sanyi dalla-dalla, ta yadda lafiyayyen da ya zauna lafiya zai tashi da uku daga cikinsu.

Amma babin da ya fi buƙatar tahaƙiƙi shi ne na bugo waya, wanda ya yaɗu bayan shigowar wayar salula a 2001. Asalinsa tsoho ne. A zamanin Zaɓi Sonka mutum kan sayi kati ya cika shi da sunayen 'yan'uwa da abokan arziki, ya aika, ya yi ta jira har ranar da za a karanto. Waya ta cire jiran, ta bar sunayen. Cikakken kira yana da gaɓoɓi bakwai, bisa wannan jeri: sallama, tambayar ko ana ji, maimaita tambayar, gaisuwa ga mai gabatarwa, da baƙonsa, da iyalansu, da ma'aikatan da ke bayan gilashi, faɗin suna da laƙabi da unguwa da layi, roƙon mai gabatarwa cewa, “Malam, don Allah rage sautin rediyonka”, sannan lafazin “To, abin da nake so in ce shi ne.” A nan layi ke katsewa.

An tambaya: shin kiran da ya katse kafin a faɗi ra'ayi ya inganta? Masu duban zahiri sun ce bai inganta ba, domin an yi alwashin magana ba a cika ba. Masu duban manufa sun ce ya inganta sarai, domin maƙasudin kiran shi ne a ji muryarsa a Nasarawa, kuma an ji. Hujjarsu mai ƙarfi ce: da ra'ayin ne manufa, da mai kiran bai ƙi rage sautin akwatinsa ba. Yana ƙin ragewa ne domin shi ma yana cikin masu son su ji. Mun tafi a kan wannan.

Filin siyasa ya kasu biyu. Akwai wanda ɗan jarida ke tsare ɗan siyasa da tambaya, irin wanda Halilu Ahmed Getso ya yi suna da shi a Rediyon Kaduna, akwai kuma wanda ɗan siyasa ke sayen fili ya tambayi kansa ya ba kansa amsa. Za a komo kan na biyun. Tsakanin azahar da la'asar kuwa lokaci ne na rauni, akwati na magana, unguwa na gumi, ba mu ga abin tsawaitawa a cikinsa ba.

Faɗakarwa. Watan azumi yana rushe wannan jeri gaba ɗaya, tafsiri ya hau gaba, kamar yadda aka saba tun zamanin da Rediyon Kaduna ke ɗauko karatun Sheikh Abubakar Gumi daga Masallacin Sultan Bello, har rasuwarsa a 1992. Haka safiyar Lahadi take da nata shirye-shiryen na coci. Waɗannan sun fi ƙarfin wannan risala. Abin da ya shafe mu kawai shi ne, a gidan da bango ɗaya ya raba masu wannan da masu wancan, al'ada ta gudana kowa ya san ranar da zai rage murya.

Fasali na huɗu: wasan kwaikwayo

Wasan kwaikwayon rediyo shi ne ƙarshen tafiyar, kuma yana da sharuɗɗan da babu su a wani fanni.

Sharaɗi na farko, ɗan wasa ya faɗi abin da ido zai gani da yana nan. Mutum a gidansa ba ya ce wa maƙwabcinsa, “Malam, lafiya ka shigo mini da sanda a hannunka na dama kana huci?” domin yana ganin sandar, kuma lokacin bai dace da bayani ba. A rediyo wannan jimla wajiba ce. In aka bar ta, sandar ba ta tabbata ba, wanda aka doka kuma ya yi ihu ba bisa dalili ba. Na biyu, ƙofa ta yi ƙara. Ƙofar da aka buɗe bayan sallama alamar baƙo ce, wadda aka buɗe babu sallama alamar sharri ce ko mai bin bashi. Na uku, kiɗan tsakani. Daƙiƙa biyar na goge ko sarewa suna daidai da kwana uku, ko tafiya daga Kaduna zuwa Zariya, ko ɗaukar ciki har haihuwa, gwargwadon buƙatar marubuci. Na huɗu, a tsaya a mafi munin wuri. Wasan da ya ƙare bayan alƙali ya yanke hukunci ya saɓa wa ƙa'ida. Daidai shi ne a tsaya lokacin da ya yi gyaran murya.

Kaduna tana da isnadi mai tsawo a wannan fanni. A nan aka yi Duniya Budurwar Wawa. A nan Alhaji Yusuf Ladan, marubucin Zaman Duniya Iyawa Ne, ya yi aiki. A nan kuma, a 1973, Usman Baba Pategi, wanda shi kansa ya yi aikin soja, ya fara Samanja Mazan Fama, wanda aka ji a rediyo aka kuma gani a talabijin. Ya rasu a Nuwamban 2023. Hausar barikin da Samanja ke yi, mai gauraye da Turancin fareti, a wasu garuruwa abin dariya ce kawai. A hayin kudu na kogin Kaduna, inda dubban mutane suka koyi Hausa a bakin inji da bakin famfo, Hausar maƙwabci ce, shi ya sa dariyar nan ta fi ta ko'ina kusa da gida. Daga baya Muryar Jamus ma ta shigo fagen da Ji Ka Ƙaru, wanda ya nuna ko Bonn ta gane labarai kaɗai ba sa riƙe gida.

Idan aka ce: wasan kwaikwayo ƙarya ne, bai kamata magidanci ya ɓata darensa a kansa ba. Sai mu ce: ƙarya ita ce faɗin abin da ba haka ba da nufin a ɗauka haka ne. Wasan kwaikwayo kuwa tun farko yana shelanta cewa wasa ne, a ƙarshe kuma ya lissafo sunayen waɗanda suka yi shi, ya faɗi wa ya fito a wa. Filin siyasar da aka saya ba ya yin ko ɗaya daga cikin biyun, alhali shi ma an rubuta shi, an yi bitarsa, an raba wa kowa abin da zai faɗa. Saboda haka, in aka jera shirye-shirye bisa darajar gaskiya, sanarwar rasuwa ce a sama, sai faɗin ƙarfe nawa, sai wasan kwaikwayo, sai labarai, sai mai magani. Alƙawarin gyara hanya kafin damina yana ƙasa da mai magani da daraja ɗaya, domin mai magani aƙalla ana iya samun sa a lambar da ya bayar.

Idan aka ce: ai wannan sha'anin mata da yara ne. Sai mu ce: an bibiyi masu wannan da'awa, aka same su a daren wasa zaune kusa da ƙofar ɗaki suna gyaran tocilan da ba abin da ya same ta. Washegari kuma su ne ke tambaya a wurin mai shayi, cikin muryar wanda bai damu ba, “Shin wai ya sake ta kuwa?”

Idan aka ce: shirin BBC na takwas da rabi na dare ya karya ƙa'idar nesa da kusa, tunda ga London ta komo bayan an shiga tsakar gida. Sai mu ce: wannan ba sabuwar tafiya ba ce, leƙawa ce. Magidanci kan zaga ya duba ƙofar waje kafin ya kwanta, wannan kuwa bai mayar da shi matafiyi ba.

Idan aka ce: finafinan Kano da wayar hannu sun shafe wasan rediyo. Sai mu ce: fim yana neman ido, idon tela kuwa na kan allura, na mai guga na kan rigar mutane, na uwargida na kan tukunya, na direban Keke na kan ramin da ke gabansa. Rediyo kunne kaɗai yake karɓa, kuma ba ya cin data. Shafewa ba ta tabbata sai mai shafewa ya iya aikin wanda ya shafe.

Wata mas'ala da ke aukuwa nadiran: mai sauraro ya shiga Kasuwar Barci, ya ji wani yana taya atamfa, ya gane muryar mugun mijin nan ne da ya kori matarsa a makon jiya. Shin zai yi masa nasiha? Amsa, a'a, domin matar ba ta wanzu ba. Amma in ya ji a ransa ba zai iya amsa sallamarsa da sakin fuska ba, ba a kama shi da laifi, domin shi ɗan wasan ne ya ƙware.

Fasali na biyar: wa ke da ikon murɗawa

Asali, ikon na mai akwati ne. In akwati na wani ne batir na wani, kamar yadda yakan faru a ƙarshen wata, an raba ikon: mai akwati ya zaɓi tasha, mai batir ya ƙayyade ƙarfin murya da lokacin kashewa, domin dukiyarsa ce ke ƙonewa. In batirin wanda aka shanya a rana ne, ko aka ɗan cije shi don ya farfaɗo, haƙƙin mai shi ya ragu da rabi, tunda abin da ya kawo saura ne.

Mafi yawan shekaru a benci ba ya taɓa akwati, girmansa ya wuce nan. Yana da haƙƙin tsaki ɗaya, kuma tsakinsa umarni ne. Mai sayen shayi yana da haƙƙin roƙo gwargwadon cinikinsa: wanda ya sha haɗin kauri da burodi da ƙwai ana sauraren buƙatarsa, wanda ya sha ruwan bunu ana jin ta, wanda ya zo zama kawai ana yi masa murmushi. Yaro ba shi da ra'ayi, aikinsa riƙe eriya da juya akwati har murya ta washe, sannan ya tsaya a yadda yake.

Ba ya inganta a murɗa tasha mai karatu na tsakiyar jimla, ko mai cigiya bai gama faɗin kalar riga ba. Ya halatta a lokacin talla, sai dai in tallar tana da waƙar da yaran gida suka haddace, to a nan maslaha ta hana.

Saura mai sauraro ta wayar hannu, wanda igiyar kunnensa ce eriyarsa. Saurarensa ya inganta a kan kansa, amma riwayarsa mai rauni ce, domin ba shi da shaida. In ya yi dariya shi kaɗai a cikin jama'a, wajibi ne ya cire kunne ɗaya ya yi bayani. In ya ce an ƙara kuɗin mai, ba a gina hukunci a kan maganarsa sai an ji daga akwatin da ke kan tebur.

Wannan shi ne abin da ya sawwaƙa a tattara. An bar babin sharhin ƙwallo na ranar Asabar da gangan, domin saɓanin da ke cikinsa ya kai ga jifa da kofi, kuma yana buƙatar risala mai zaman kanta. Wanda yake da raddi a kan wani hukunci da ya gabata, muna maraba da shi, da sharaɗin ya rubuto a takarda. Kada ya bugo waya, domin za mu gaisa, zai faɗi sunansa da unguwarsa, layi kuma ya katse.